Nauyin Yatsun Abba

Kwana biyar Yaya ya ba ni. Ranar Litinin ya sauka daga Abuja, ko takalmi bai cire ba ya tsaya a barandar gidanmu na unguwar Nassarawa ya ce min ranar Asabar bayan la'asar Baffa zai zo a zauna, ranar Lahadi kuma shi Yayan zai tafi da Abba can gidansa, wannan gidan a rufe shi. Na ce wa ya gaya masa Abba yana son tafiya? Ya ce ni wa ya gaya min ba ya so? A nan maganar ta cije, domin mutum ɗaya da zai iya raba mu yana falo a kan kujera mai taya, wata huɗu ke nan bai furta kalmar da wani ya gane ba.

Bugun jini ne ya kayar da shi wata safiya a bakin famfon alwala. Ya tashi da ransa, amma harshen ya yi nauyi, hannuwan biyu suna karkarwa, kan ma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Wannan rawar kan ita ta fi ba mu wahala. Ka tambaye shi ko zai sha shayi, kan ya yi ƙasa ya yi gefe a lokaci guda, ni in ga e, Yaya ya ga a'a. Biro ba ta zama a hannunsa. Waya kuwa da ya taɓa fuskarta sai ta buɗe abu biyar. Likita ya ce game da hankalinsa ba zai yanke hukunci ba tukuna. Ni na yanke nawa tun muna asibiti: Abba yana nan ciki, yana jin komai, kuma ba zai taɓa yarda ya bar gidan da Umma ta rasu a cikinsa ba. Na baro mijina da yara biyu a Kaduna na dawo na tare a ɗakina na 'yanmatanci, kuma duk wanda ya zo da wata magana daban, ni yake tararwa a bakin ƙofa.

Da tafireta Abba ya fara aikin gwamnati, tun kafin a haife ni. Har bayan da ya zama babba ana buga masa takardu, in wasiƙar ta sirri ce da kansa yake zama ya buga, da yatsu goma, idonsa a kan takarda, bai taɓa kallon hannunsa ba. Ni na gaje shi ta wata fuska. Fassara nake yi a kwamfuta, shafi bayan shafi, har wuyan hannuna ya fara ciwo, wata abokiyar aiki ta nuna min irin kibod ɗin nan da ake cire masa maɓallai. Ƙarƙashin kowane harafi akwai ɗan akwati kamar ƙwayar gyaɗa da ɓawonta, shi ake kira suwic, a cikinsa kuma akwai ɗan sifirin. Nauyin sifirin ɗin da giram ake auna shi, wato ƙarfin da yatsa zai sa kafin maɓalli ya nutse. Wani suwic ɗin santsi gare shi, sulmiyewa yake har ƙasa. Wani yana da ɗan tudu a hanya, yatsa ya ji ya tokare, sai an ƙara ƙarfi ya wuce harafin ya fito. Wani kuma ƙara yake yi, ƙas-ƙas. Abin ya shiga raina fiye da kima. Mijina ya sha tsokana ta, wai mace da 'ya'ya biyu ta zauna tana shafa wa sifirin mai da burushi. Ko da na taho jinyar Abba, da robata cike da su na taho.

Mako uku kafin zuwan Yaya mai gashin ƙashi ya samu hannuwan Abba suka fara ɗagawa zuwa tebur. Niyyata in jira su ƙara ƙwari kafin in sa masa kibod a gaba. Wa'adin Yaya ya hana ni jira. Da yammacin Litinin ɗin na zauna na yi lissafin da kowa zai yi: hannu mara ƙarfi, a ba shi abin da ya fi kowanne laushi. Na tsince suwic ɗina masu santsi, giram talatin da biyar, waɗanda ko ƙuda ya sauka a kansu sai sun motsa, na jera su kaf. Ina yi ina jin daɗin kaina.

Ranar Talata Baffa, ƙanin Abba, ya taso daga unguwar Gama ya zo yi wa Yaya sannu da zuwa. Da ina da wayo da na gwada abin ni da Abba kaɗai. Ban yi ba. So nake in kunyata Yaya a gaban babba. Na turo kujerar Abba bakin tebur, na haɗa kibod da laftof, na ƙara girman haruffa yadda za a gani daga ƙofa, na ce, "Baffa, ku matso ku gani. Yau Abba zai yi magana da kansa."

Abba ya dubi kibod ɗin, ya daɗe yana dubansa. Ya ɗaga hannuwan suna rawa ya sauke su a kai. Kafin in ƙifta ido layi uku sun cika: f da j da d da k da s, a jere, a cakuɗe, suna ta zubowa. Ya ɗage hannu da sauri. Na goge, na ce, "Ba komai Abba, a sake." Ya sake sauke su, suka sake zubowa. Sau huɗu ya gwada. A na huɗun wani sauti ya fito daga maƙoshinsa wanda ban taɓa ji ba, ya janye hannuwan ya cusa su cikin rigarsa, ya kawar da fuska wajen taga.

"Allah ya ba da lafiya," in ji Baffa. "'Yata, ki bar bawan Allah ya huta haka."

Yaya ya matso. Ya miƙa hannu ya rufe laftof ɗin a hankali. Da tsawa ya yi min da ta fi min sauƙi.

Bayan Baffa ya tafi na bi Yaya har gindin mangwaro inda ya ajiye mota. Na ce masa abin da ya sani game da Abba bai wuce ledar tuffa da yake kawowa sau ɗaya a wata ba. Na ce ni ke juya shi, ni ke goge masa baki, ni na san abin da idonsa yake cewa. Yaya ya bar ni na gama, ya ce can kusa da gidansa akwai asibiti, ya samo nas namiji, matarsa ta gyara ɗakin ƙasa. Ya ce, "Auta, dubi wuyanki. Kin rame. Kuma kin ga abin da ya rubuta da idonki."

Na ce, "Kibod ɗin ne."

"To."

"Kada ka ce min to. Ranar Asabar, in Abba ya rubuta da hannunsa, duk abin da ya rubuta shi za a yi. Ka yarda?"

"Duk abin da ya rubuta," in ji shi. "Na yarda. In kuma irin na yau ne, ba zan ƙara sauraronki ba."

Na juya na shige gida ina huci, na shiga ɗaki na zauna a bakin gado. Na ce kibod ne don bakin ya riga ni. Gaskiyar ita ce ban san abin da ya faru ba, kuma a karon farko cikin wata huɗu na ji tsoron kada dai Yaya ne mai gaskiya.

Ranar Laraba na sauko da tsohuwar tafiretar Abba daga saman kabad, na kakkaɓe ta, na sa takarda. Ya ɗora yatsunsa a kai, kuma na lura karkarwar ta ragu, amma ban gane abin da nake gani ba. Ya danna, ƙarfen harafin ya taso rabin hanya ya koma, bai kai ga takarda ba. Ya sake, haka. Tafireta duka take so, shi kuma ba shi da ƙarfin duka. Ya ture ta da bayan hannu. Ranar ya ƙi karɓar abincin rana daga hannuna, sai Yaya ne ya ba shi, ina tsaye a kicin ina jin ƙarar cokali.

Duk ranar Alhamis wani tsohon abokin aikin Abba yakan zo. Kirista ne, mutumin Wusasa, sun yi shekaru a ofis ɗaya, yanzu yana zaune a Hotoro wurin 'yarsa. Baba Akawu muke ce masa. Yakan shigo adaidaita sahu ya zo da jarida, ya karanta wa Abba da ƙarfi, ya yi gardama da labaran shi kaɗai. Ranar nan na tare shi a baranda kafin ya shiga, na ba shi labari, na buɗe masa abin da ya rage na rubutun ranar Talata. Ya gyara tabarau ya duba, sai ya fara dariya. Wallahi saura kaɗan in manta girmansa.

"Yi haƙuri 'yata," in ji shi. "Wa ya ce miki wannan shirme ne? Dubi haruffan. Kin ga t a ciki? Kin ga m? Babu. Duk layin tsakiya ne."

Na ce ban gane ba.

"Mu da aka koya mana tafireta, ƙyalle ake rufe mana hannu da shi. Yatsu takwas a layin tsakiya, nan ne gida. Ka je sama ka dawo, ka je ƙasa ka dawo. Malaminmu in ya ga hannu yana lilo a iska, rula ce a bayan yatsa. Kuma ba shafawa ake ba, jingina ake, da nauyin hannu, don tafireta ba ta jin wannan. Babanki ranar Talata ko fara rubutu bai yi ba. Zama ya zo yi, kika ba shi kujerar da ke karyewa da an zauna. Yanzu kuma da hannun ke rawa, ai sai ya ƙara dannewa don ya tsayar da shi."

Na tsaya ina kallonsa, kunya ta rufe ni tun daga ka. Ni a kwamfuta na koyi bugu, yatsuna shawagi suke a sama, ban taɓa tunanin wani yana kwantar da nasa ba. Ni na sa mahaifina ya zama abin tausayi a gaban ƙaninsa da ɗansa, da hannuna, ina murmushi.

Ba lokacin kuka ba ne. Na shiga kicin na ɗauko ɗan sikelin da nake auna fulawar kek. Abba ya gan ni da wani abu a hannu ya fara kawar da kai, amma Baba Akawu ya ja kujera kusa da shi ya ce, "Ranka ya daɗe, ba rubutu za a yi ba. Awo ne. A ba mu hannu." Ya kamo hannun da kansa ya ɗora yatsan tsakiya a kan sikelin ya ce a jingina kamar yadda aka saba. Lambar ta yi ta tsalle tsakanin arba'in da hamsin da wani abu. Ya ce to a danna. Ta haura kusan tamanin. A sake. A sake. A dannawa ta shida ta tsaya a saba'in da ƙyar. Na rubuta a bayan kwalin magani. Abin da nake nema ke nan: sifirin da zai ɗauki jinginar da ta wuce hamsin bai nutse ba, amma ya nutse kafin saba'in. Tazarar ba ta da faɗi, kuma tana ƙara tsukewa in ya gaji.

Ina da ɗan allon gwaji mai suwic tara iri-iri, ba ya haɗe da komai, ba abin da zai fito a ko'ina. Wataƙila shi ya sa Abba ya yarda ya taɓa. Masu santsin duk suka nutse ƙarƙashin yatsansa, har masu nauyin cikinsu, domin ba inda yatsan zai tsaya, sai ya yi ta gangarawa da rawar. Mai ƙas-ƙas ya sa shi ya zabura. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya dawo, ya sake bi. Ni fuskarsa nake kallo, ba na karanta komai. Baba Akawu hannun yake kallo.

"Tsaya. Wannan," in ji shi.

Yatsan Abba ya sauka a kan wani mai tudu tun daga sama, giram sittin da bakwai. Ya jingina, maɓallin bai motsa ba, kuma ina gani rawar yatsan ta lafa. Ya ɗan jima a haka, sannan ya tura, tudun ya ba da hanya. Ya ɗago ya sake jingina. Ya yi haka sau uku.

Na zazzage robata a kan tabarma na tsince irinsa. Guda goma na samu, don samfur na saya ban taɓa son su ba, sun yi min tauri. In na yi oda daga Legas ba za su iso kafin Asabar ba. Baba Akawu ya ce to in zuba goman a layin tsakiya inda hannu ke zama, sama da ƙasa kuwa ziyara kawai yatsa ke kaiwa, a sa masu ɗan sauƙi don kada ƙarfin ya ƙare da wuri. Na roƙe shi ya zo ranar Asabar. Ya ce zaman iyali ne, ba zai zo ba. Yana gyara hula ya ƙara da cewa, "Kuma in kin ajiye masa, ki matsa. Akawu ba ya son a tsaya masa a ka."

Ranar Juma'a tun bayan karin kumallo nake kan aikin. Sauran suwic ɗin sai da na buɗe su ɗaya-ɗaya da ɗan hantsaki, in cire sifirin in sa wani, in rufe. Zafi ake kamar me, gumi yana sa yatsuna suna zamewa, sifirin ɗaya ya yi tsalle na neme shi ƙarƙashin gado na rasa. Kowane suwic yana da 'yan ƙafafu biyu na jan ƙarfe da suke shiga rami. A cikin goman nan na tura ɗaya a karkace, ƙafar ta lanƙwashe, na zo miƙewa ta karye. Saura tara. Na zauna na riƙe kaina na ɗan lokaci, sannan na ci gaba.

Harafin a shi ya hana ni sakat. Ƙarƙashin ƙaramin yatsan hagu yake, yatsan da ya fi duka rauni a hannun Abba, a sikeli ko hamsin da biyar ba ya kaiwa sai da ƙyar. Kuma wace magana za ka rubuta da Hausa babu a? In na sa mai nauyi, ko sunansa ba zai iya bugawa ba. In na sa mai laushi, shi kaɗai zai cika shafin, Baffa ya sake cewa Allah ya ba da lafiya. Sau biyar na buɗe suwic ɗin nan ina canza masa sifirin. Na gwada da nawa ƙaramin yatsan, na jingina, na karkaɗa hannuna da gangan ina kwaikwayon Abba, Yaya ya wuce ta ƙofa zai tafi masallaci ya gan ni, ya kau da kai. A ƙarshe na bar masa tudunsa yadda yake, na sa masa sifiri mai giram hamsin. Ban tabbata ba, hannuna ne kawai ya gaji da buɗewa.

Bayan la'asar na kai wa Abba don mu gwada kafin gobe. Yana ganin na buɗe laftof ya mai da fuska bango, ya cusa hannuwa cikin riga. Na lallashe shi. Na durƙusa na ce kuskurena ne wancan, na gyara. Na ce kalma ɗaya kawai. Ko motsi bai yi ba, sai kan da ke ta rawarsa. Ni kuma zuciyata a kusa take, kowa a gidanmu ya sani. Na ji bakina yana cewa, "To ka zauna. Jibi su ɗauke ka kamar buhu su sa a mota, ni na gaji."

Yaya yana tsaye a ƙofar falo, ya ji. Ya zo ya tura kujerar Abba ya fita da shi baranda shan iska. Ni na naɗe wayar kibod ɗin na koma ɗaki, ba a gwada ba.

Asabar, Baffa ya iso ana idar da sallar la'asar. Aka zauna a falo, aka yi addu'a. Baffa ya fara magana a kan zumunci da haƙuri, yana nufar inda kowa ya san zai nufa. Na bari ya kai aya na ce, "Baffa, a gafarce ni, akwai alkawari tsakanina da Yaya." Ya dubi Yaya, Yaya ya gyaɗa kai. Na jawo ƙaramin tebur daidai gwiwar hannun Abba, na ajiye kibod da laftof. Na koma can kujerar da ke fuskantarsa na zauna a kan hannuwana. Daga nan ina ganin yatsunsa amma ba na ganin rubutun. Baffa ne a gefensa.

Fanka tana juyawa, a waje wani mai gyaran takalmi yana wucewa yana buga akwatinsa. Hannuwan Abba suna cikin riga. Yaya ya dubi agogo, ba da gangan ba na sani, amma na ji kamar in shaƙe shi. Baffa ya yi gyaran murya zai yi magana. Sai hannun dama ya fito, na hagu ya biyo shi. Suka yi rawa a sama, suka laluba, suka sauka a layin tsakiya.

Na dubi fuskar Baffa. Yana kallon laftof ɗin, ya ce, "Ba abin da ya fito fa."

Na gyaɗa kai. Abin da nake roƙon Allah ke nan tun shekaranjiya. Yatsu takwas a kwance da nauyinsu, shafin fari tas. Na ga kafaɗun Abba sun sauka.

Yatsan tsakiya na dama ya motsa. Tuk. Aka daɗe. Tuk. Ƙaramin yatsan hagu ya tura, bai wuce ba. Ya sake turawa da dukan hannun, ya wuce. Baffa ya matso da fuskarsa. Can sai ya ce a hankali, "Ya yi kuskure." Sannan, "Ikon Allah. Ya goge, ya gyara." Yaya ya tashi daga kujerarsa ya zagaya bayan Baffa ya tsaya.

Layin farko ya ci kusan minti biyar. Baffa ya karanta: "Ina jin duk abin da kuke cewa."

Yaya ya rufe bakinsa da hannu, hawaye suna bin yatsunsa. Ni kuwa daɗi ne ya cika ni, da wani abu da ba shi da kyau, don na ɗago ina neman idon Yaya in ga ya sunkuyar. Abba bai tsaya ba. Gumi ya tsattsafo masa a goshi, yana hutar da yatsu a layin tsakiya bayan kowace kalma, sannan ya ci gaba.

Baffa ya karanta na biyu: "Zan bi yayan Auta Abuja."

Na ce, "Me?"

Baffa ya ci gaba da bin yatsun da ido. Abba yakan kira ni Uwata saboda sunan mahaifiyarsa aka sa min, kuma da wannan kalmar layi na uku ya fara. Baffa ya dube ni kafin ya karanta shi, kamar yana neman izini. "Uwata, wata huɗu kina faɗa a kaina. Ba ki taɓa tambaya ta ba. Ki koma wurin yaranki."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na zagayo na duba da idona, haka yake. Na ce, "Ba haka yake nufi ba. Ya gaji ne. Maganar jiya ce ta ɓata masa rai. Abba, hannunka ne ya zame, ko?" Ina jin kaina ina faɗa, ni da na yi wata huɗu ina rantsuwa cewa hankalinsa garau yake.

"Auta," in ji Yaya, ba da ƙarfi ba. "Duk abin da ya rubuta."

Abba ya ɗago kan nan mai rawa ya dube ni. Babu fushi a idon. Ya mai da yatsunsa, ƙarfin ya kusa ƙarewa, kowane maɓalli sai ya tura sau biyu sau uku kafin tudun ya ba shi hanya. Na tsaya a kansa, inda aka ce kada in tsaya, ina kallo yana sake buga layin tafiyar daga farko, harafi bayan harafi, babu kuskure ko ɗaya. A ƙarshe ya ƙara kalma huɗu: Allah ya yi albarka. Sai hannun hagu ya zame ya faɗi a cinyarsa.

Ni na auna sifirin ɗin nan da hannuna. Na san ƙarfin da kowane harafi ya ci kafin ya fito, kuma na san babu ko ɗaya da zai iya faɗowa da kansa. Ba ni da wanda zan ɗora wa laifi. Na durƙusa a gaban kujerar na ce, "Abba, kana son tafiya?" Tambayar da ban yi ba ke nan tun muna asibiti, na yi ta bayan ya riga ya amsa. Ya ɗora hannun daman a kaina, yana rawa, yana da nauyi. Na yi kuka har Baffa ya tashi ya fita baranda.

Da na natsu na share fuska da bakin mayafi, na tambayi Yaya ƙarfe nawa za su tashi gobe. Ya ce takwas. Na ce ya zo ya zauna in nuna masa yadda ake cire suwic ba tare da an karya masa ƙafa ba, don in hannun Abba ya ƙara ƙwari sai an canza na harafin a, kuma ni ba na nan.